Dogon Bene Cikin Gaggawa: Ina Hatsarin Yake?

Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Fakku ko na Kebbe ya ga suri, wani ma ya fi mutum tsawo. A matsayina na malamin ilmin halittu, nakan fara da shi idan ɗalibai suka tambaye ni game da dogayen benaye.

Tun a 1638 Galileo ya bayyana wata ƙa'ida da ta shafi dabba da gini baki ɗaya. Idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, nauyinsa zai ninku sau takwas, amma faɗin gindin da ke ɗauke da shi sau huɗu kacal zai ninku. Shi ya sa ƙafar giwa ta zama kamar turmi, ta barewa kuwa kamar kara. Bene mai hawa 20 ba bene mai hawa biyu ba ne da aka ja shi sama. Yana bukatar harsashi da ginshiƙai na daban, ga kuma iska da ke ƙara ƙarfi a can sama.

To, za a iya gina irinsa da sauri? Ana iyawa. A 2015 kamfanin Broad ya harhaɗa bene mai hawa 57 cikin kwana 19 a birnin Changsha na ƙasar Sin. Sai dai mai karatu ya lura: ginin ƙarfe ne, kuma an shafe watanni ana ƙera sassansa a masana'anta kafin a kawo su a ɗaure. Shirin kamfanin na gina wani mai tsawon mita 838, wanda zai zarce Burj Khalifa na Dubai da mita 10, bai wuce harsashi ba.

Mu kuwa da kankare muke gini, kuma a nan gizo ke saƙar. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa kankare yake yi. A'a, siminti haɗuwa yake da ruwa, ya fitar da ƙananan lu'ulu'u masu sarƙe yashi da tsakuwa, kuma wannan aiki a hankali yake tafiya. A kwana bakwai ƙarfinsa bai wuce kamar kashi biyu cikin uku ba. Injiniyoyi a kwana 28 suke auna shi. A zafin bazarar Sakkwato, inda ma'auni kan haura 40, idan ba a yawaita ba shi ruwa ba, zai bushe tun bai nuna ba. Magini da ya cire katakon tallafi da wuri, ya ɗora wani hawa, ya aza kaya ne a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu. A Agustan 2022 wani mai hawa uku ya faɗi a titin Beirut a Kano, shi ma ana cikin aikinsa, a tsakiyar kasuwar wayoyi.