Darasi na 14: Daga Adjamé zuwa Treichville

Abijan shi ne birni mafi girma a ƙasar Kot Dibuwar. Wani babban tafki mai suna Ébrié ya raba shi biyu. Unguwar Adjamé tana arewa, Treichville tana kudu. Unguwar Plateau, inda manyan ofisoshi suke, tana tsakaninsu.

A Adjamé akwai babbar kasuwa da babbar tashar mota. A nan fatake suke sauka da albasa daga Nijar. A Treichville kuma akwai tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1951. Hausawa da yawa suna neman abinci a unguwannin biyu. Wasu suna gasa tsire, wasu suna sayar da garba, wato atceke da soyayyen kifi.

Yaya mutane suke ƙetare ruwa? An gina gadar Houphouët-Boigny a 1957, da gadar De Gaulle a 1967. Tun 1960 bas-bas na kamfanin SOTRA suke ɗaukar mutane. Kamfanin yana da jiragen ruwa kuma. Akwai ƙananan bas da ake kira gbaka.

Da safe motoci sukan cushe a kan gada. In ɗan kasuwa ya makara, masu saye sun watse, cinikin ranar ya wuce shi. Shi ya sa yake sammako.

Tambayoyi
1. Me ya raba Abijan biyu?
2. Don me ɗan kasuwa yake sammako?

Kalmomi
gada: le pont
kasuwa: le marché