Ina Sa Alif a Randa, Amma Yarana Na Ta Gudawa

Anti,

Ni matar aure ce a Azare, yarana uku. Tun ruwan da aka tafka a watan Agusta rijiyar gidanmu ta ciko, ruwanta ya yi jaja-jaja. Nakan jefa alif a randa, kafin safiya ya kwanta ya yi garau. Duk da haka autana ya yi gudawa sau biyu a wata guda, yayarsa ma ta kwanta. Surukata ta ce haƙori yake fitarwa, kuma ruwan da launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba ai mai tsarki ne. Maigidan kuwa ba shi da halin sayen fiya wata kullum. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Azare

'Yar uwa, Allah ya ba yaran lafiya.

Maganar surukarki daidai take a wajen alwala, amma ruwan sha hukuncinsa daban. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba su da launi, ba su da wari. Alif laka kawai yake kwantarwa, haka ma dakakkun 'ya'yan zogale. Ba sa kashe cuta. Haƙori kuma ba ya kawo irin wannan gudawa, kuma ai yayarsa ta wuce fitar da shi.

Fara duba nisan masanku da rijiyar. Ƙasarku ta Katagum rairayi ce, ruwa na ratsa ta da sauri. Da damina ta kankama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, abin da ke cikin masai sai ya tarar da na rijiya. Mita 30 ake so a tsakaninsu, gidajenmu na cikin gari kuwa ba kasafai suke da wannan fili ba. Abin yana tayar min da hankali, don a 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, kuma Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Bayan alif ya kwanta, tsiyaye na saman ta tsaftataccen ƙyalle, ki ɗora a wuta ya tafasa sosai, yana ɓararraka minti ɗaya cur. Na san itace ya yi tsada, to ki tambayi WaterGuard ko Aquatabs a kemis, ki bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, ki jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin da za ki ji ba ya cutarwa. Ruwan 'yan garuwa ma haka za ki yi masa.

Sai randar kanta. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa a ƙasa, ya zurma hannu har gwiwa: wahalarki ta tashi a banza. Zuba na sha a jarka mai murfi, a riƙa tsiyayawa. A rataye guga, a rufe bakin rijiya, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi.

In gudawa ta dawo, haɗa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada ki daina ba shi nono. In kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, goya shi ki nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Anti