Darasi Domin Iyali: Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe

Gabatarwa

Iyaye da yawa a Kabong, daga Gada Biyu zuwa hanyar Rukuba, sukan ɗora laifin shan sigarin 'ya'yansu a kan miyagun abokai. Abokai suna da nasu alhakin, amma sau da dama yaro yakan fara koyon taba a cikin gida. Manufar wannan darasi ita ce mu ga yadda hakan ke faruwa, da abin da ya wajaba mu yi.

1. Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2011 masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun tattara bincike masu yawa daga ƙasashe dabam-dabam. Sun tarar cewa yaron da uba ko uwarsa ke shan sigari ya fi saurin faɗawa ciki da kusan kashi 70 bisa ɗari, in aka kwatanta shi da wanda iyayensa ba sa sha. Idan wa ko ya ke sha, hatsarin yakan ninka fiye da sau biyu. Wani rahoton gwamnatin Amurka na 2012 kuma ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 na manya masu shan sigari sun fara ne kafin su wuce shekara 18.

2. Yadda gida ke koyarwa

Yaro yakan bi abin da ya gani fiye da abin da aka faɗa masa. Uban da ke aiken ɗansa sayen kara biyu wurin mai tebur ya koya masa farashi, ya nuna masa hanya, ya kuma cire masa kunyar saye. Kwalin da aka bari a aljihun riga jarraba ne ga matashi. Wasu sukan ce sigari na maganin sanyin Jos lokacin hunturu. Wannan ba gaskiya ba ne, gama sinadarin nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, har hannuwa da ƙafafu su ƙara sanyi. Nikotin yana kaiwa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da girma har wajen shekara 25. Shi ya sa jaraba ke saurin kama matasa.

3. Hatsari da doka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. A Nijeriya, dokar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma doka ba za ta shigo ɗakinmu ta yi mana tarbiyya ba.

4. Abin da za mu yi

Kada a sha taba cikin gida ko mota. Kada a aiki yaro sayenta, ko kunna ta. Uban da ke sha ya gaya wa 'ya'yansa gaskiyar wahalar da yake sha wajen rabuwa da ita, ya nemi taimakon likita. Bincike ya nuna cewa idan iyaye suka daina tun yara suna ƙanana, hatsarin yakan ragu ƙwarai. Iyalin kuma su ƙarfafa mai ƙoƙarin dainawa da haƙuri, ban da gori.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wanene a gidanmu yara suka fi kwaikwayo?
2. Me za ka ce wa baƙo ko dattijon da ya kunna sigari a gaban yaranka?
3. Wane mataki ɗaya iyalinku za su ɗauka a wannan mako?