DARASIN LAFIYA: Kunun Jinjiri da Hanyoyin Yaye

Darasinmu na wannan fitowa a kan abincin jinjiri ya ke: yaushe zai fara ci, mi zai ci, kuma ta yaya za a raba shi da nono ba tare da ya lalace ba. Kai maigida, kada ka ce wannan zancen mata ne ka juya shafi. Kai ne ke buɗe rumbu, kai ne ke zuwa kasuwa.

Wanda ya yi wayo a shekarar 2005 bai manta da ita ba. A wannan shekara ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wadda a ke kira MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar Nijar, mafi yawansu a nan jihar Maraɗi, jihar da ta yi suna wajen noma. Akasarin yaran nan ba su kai shekara 3 ba. A 2007 ƙungiyar ta raba wani abinci na gujiya da madara ga yara wajen 60,000 na gundumar Gidan Rumji, ƴan wata 6 zuwa shekara 3, tun daga watan Mayu har Oktoba. Aka ga tamowa mai tsanani ba ta hau ba kamar yadda ta saba hawa da damina. Watau ke nan yaro yana faɗuwa ne a daidai lokacin da nono ya daina isarsa, tuwon gida kuwa bai iya shi ba tukuna. Taimako irin wancan ba kullum ya ke zuwa ba. Amma yawancin abin da yaron ke bukata yana cikin gonarka.

Don mi sai wata 6?

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta tsayar da cewa jinjiri ya sha nonon uwa zalla har ya cika wata 6. Ba ruwa, ba bauri, ba fura. Ke mai goyo, za ki ce zafin watan Afrilu fa? To, in aka raba nono kashi 10, kusan kashi 9 ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta wanda bai bi ta guga ba. Ke ki sha ruwa da yawa, shi kuma ki yawaita ba shi mama.

Da ya cika wata 6 sai abu ya sake. Ajiyar ƙarfen jini da ya zo da ita daga ciki ta kusa ƙarewa, jikinsa kuma yana neman ƙari. Za ki gan shi yana zaune in an tallabe shi, wuyansa ya tsaya, yana bin lomarki da ido, yana kai hannu akushi. Lokaci ya yi. Kada ki jira sai ya yi wata 9 ko 10, yana tsotson nono kaɗai. Kada kuma ki rage masa mama don ya fara ci: har ya shekara, nono ne ke ba shi wajen rabin ƙarfin da ya ke bukata, a shekara ta biyu kuwa wajen sulusi.

Kunu mai kauri

Ga inda yawancin gidajenmu ke kuskure. A kan dama wa jinjiri koko tsararo, a ce don ya wuce masa da sauƙi. Amma cikin ɗan wata 7 ƙarami ne, abin da ya ke ɗauka a zama guda bai kai rubu'in lita ba. In kika cika shi da ruwan koko, ya ƙoshi a ido, ya yi barci, amma abin gina jiki kaɗan ne ya shiga. Ki gwada haka: ki ɗebi kunun da cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokali, sai a hankali ya zame, to ya yi.

Hatsi kaɗai kuma ba ya gina yaro. Sai an haɗa shi da wake da gujiya, watau gyaɗa. Ga yadda za ki yi garin:

Ki auna hatsi awo 3, wake awo 1, gujiya awo 1, da kwano iri guda. Ki tsince gujiyar sosai, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko ta yanƙwane. Irin wannan tana da dafi mai ɓata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Ki wanke hatsin ki shanya. Ki soya kowanne dabam a kasko ba mai, sama-sama, har ya yi ƙanshi. Ki ɓarza waken ki sheƙe ɓawonsa, ki murje jan ɓawon gujiyar. Sa'an nan ki haɗa, a daka ko a kai inji, ki tankaɗe, ki zuba cikin kwano mai murfi. Ki yi na mako biyu kawai, don gari mai gujiya ba ya jimrin ajiya. In ƙuli-ƙuli gare ki maimakon gujiya, ya yi, amma tun da an riga an matse mansa sai ki ƙara ƙaramin cokali na mai cikin kunun.

Wannan haɗi ba yau aka fara shi ba. A 1982, a asibitin Fada Ngurma ta ƙasar Burkina Faso, aka fito da garin da a ke kira Misola: hatsi kashi 60 cikin 100, waken suya 20, gujiya 10, sauran sukari da ɗan gishiri. Mu waken gonarmu ya ishe mu.

Akwai kuma wata dabara da ta kamata kowace mace ta sani, ita ce garin tsiro. Ki jiƙa hatsi tafi biyu ya kwana. Ki baza shi bisa jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da marece, kwana 2 ko 3, har ya tsira. Ki shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ki murje saiwoyin da tsiron ki sheƙe, ki daka. Da hatsi za ki yi, don tsiron dawa yana da dafi. To, in za ki dama kunu, ki sa gari awo 1, ruwa awo 2, ki dafa kina motsawa har ya yi kauri kamar talge. Ki sauke, ya ɗan huce kaɗan. Ki barbaɗa garin tsiro abin da yatsu uku ke ɗauka, sau 3, ki motsa. Nan da nan za ki ga kunun ya saki, ya yi ruwa-ruwa, alhali ko ɗigon ruwa ba ki ƙara ba. Ki mayar bisa wuta ya tafasa sau guda. Yaro zai sha shi da sauƙi, kuma ludayi guda nasa ya fi ludayi biyu na koko tsararo. Wanda bai taɓa gani ba sai ya ce siddabaru ne.

Abin da za a ƙara

A 2023 OMS ta sake fitar da ƙa'idodin abincin yara ƴan wata 6 zuwa 23. Ta ce kullum yaro ya sami wani abu daga dabba, nama ko kifi ko ƙwai, da ganye da ƴaƴan itace. Za ka ce nama kullum sai gidan mai hali. Gaskiya ne. Amma duba: da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a lokacin ne zabi ke zuba ƙwai. Sai mu kwashe duka mu kai kasuwa. Kai maigida, ka bar guda ɗaya kowace rana saboda ƙaramin gidan, a dafa shi ya dahu sosai, a murmushe cikin kunu. Waɗansu na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Ba mu taɓa jin ɓarawon da ya ce ƙwai ya sa shi ba.

Jar akuyarmu ta Maraɗi tana da nono: a tafasa shi a dama kunun da shi. Fara da busasshen kifi, a cire ƙafafu da ƙaya a daka su lilis. Hanta in an yi yanka. Zogalen fadamar Tsibiri, a shanya shi a inuwa, a daka, ƙaramin cokali guda cikin kunu. Kuka, riɗi, kabewa, mangwaro nunanne. Gishiri kaɗan ƙwarai, kuma mai aidin. Zuma kuwa kada a ba yaro sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jinjiri. Shayi da lemun kwalba ba abincin yaro ba ne. Mai neman iri kuma ya tambayi malamin gona labarin hatsin Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018. Yana nuna da wuri, kuma ya fi hatsin da muka saba ƙarfen jini.

Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 ana ƙarawa. Daga wata 9, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. In an haɗa shi akushi guda da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Lokacin noma, in za ki tafi gamanarki ki bar shi wajen ƴar raino, kada ki bar musu furar safe ta yini cikin ƙwarya ƙuda na bi. Daga nan zawo ke farawa. Ki dama sabo, ki rufe, a ba shi kafin rana ta take. Sabulu kuma ya taɓa hannunki da nasa kafin ci.

A Ingila wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Gill Rapley ta yaɗa wata hanya tun wajen 2008. Ita ta ce a bar cokali, a aje wa ɗan wata 6 abinci mai laushi gabansa, ya ɗauka da hannunsa ya ci. Mu dama da hannu mu ke ci, kuma yana da kyau yaro ya koya: dafaffen dankali, kabewa, tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji. Amma a ƙasar da tamowa ke kusa, ba mu ga ya kamata a dogara ga abin da hannun jinjiri ya kai baki kaɗai ba. A haɗa biyun. Yana zaune a miƙe, babba na kallonsa. Ƙwayar gujiya da aya kuwa a nisanta su da shi, don suna maƙalewa a maƙogwaro.

Yaye iri-iri

Hanyar da muka gada ita ce ta rana guda. A sa rana, a ɗauki yaro a kai shi wajen kakarsa, wani lokaci a wani gari, ko uwa ta shafa abu mai ɗaci a mama. Kakanni suna da ƙauna, ba mu musa ba. Amma ka dubi abin ta wajen yaron: rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa bayan uwarsa, ya rasa ɗakin da ya sani. Sai kuka, sai ƙin abinci. In zawo ko masassara suka same shi cikin makon nan, kafin wata guda ka ga wuyansa ya zama kamar sille. Uwar ma nono kan cika ya yi mata tauri har ya sa ta zazzaɓi.

Hanya ta biyu ta fi wannan haɗari, ita ce yayen rurrutsa. Mace ta ga ciki ya shiga tana goyon ɗan wata 10, sai a ce nonon ya ɓaci, a cire yaron a ranar. Nonon mai ciki ba ya zama dafi. Ya kan ragu, ɗanɗanonsa ya ɗan sake, shi ke nan. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai a ƙara mata abinci, ta kuma je awon ciki ta gaya wa ungozomar likita. In ungozoma ta ga dalilin tsayawa, ita za ta faɗa. Ma'aurata masu son tazara tsakanin haihuwa kuma, a can ne za a yi musu bayani.

Ta uku ita ce yaye a hankali, ita muke ba ku shawara. Likitoci sun ce a shayar har shekara 2 ko fiye. Alƙur'ani mai girma ma, a Suratul Baƙara aya ta 233, shekara 2 cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa. In lokaci ya kusa, ki fara ba shi abinci kafin mama. Ki janye shan hantsi, ki sa kunu a madadinsa. Bayan kwana 4 ko 5 ki janye wani. Na dare shi ne na ƙarshe. Cikin wata guda ko biyu ya rabu da nono yana ɗakin uwarsa. In ana son kaka ta taimaka, ita ta zo gidan.

Ku zaɓi lokaci kamar yadda ku ke zaɓen ranar shuka. Kada a yaye yaro yana ciwo ko yana murmurewa. Kada a yaye shi tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, uwa kuma tana gona. A bari sai an yi girbi, wake da gujiya sun shigo gida.

Aikin wannan wata

Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ga aikinku. Ku karanta wa maƙwabta wannan darasi ranar da kuka taru sauraron rediyo. Ku nemi igiyar awon dantse wajen wakilin lafiya na garinku ko a CSI. A kan auna hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Tsanwa lafiya. Rawaya, a kai shi likita cikin makon. Ja, watau ƙasa da milimita 115, a kai shi a ranar. Haka kuma in ka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, ka ƙirga uku, ka ɗaga ka ga rami ya zauna. Ku rubuta cikin littafinku sunan kowane yaro da ba a yaye ba a unguwarku, da watanninsa, da launin da igiya ta nuna. Bayan wata guda ku sake aunawa, ku aiko mana da abin da kuka gani.