Jinkirin Jirgin Sama: Haƙƙin Ɗan Kasuwa

Ɗan kasuwar kayan gini na Dei-Dei da zai je Legas ya fanso kayansa daga tashar Apapa ya san cewa kowace ranar jinkiri tana ƙara masa kuɗin ajiya. Saboda haka ya kamata ya san haƙƙinsa tun kafin ya isa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe.

Sashe na 19 na dokokin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, watau NCAA, wanda aka sabunta a shekarar 2023, ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida, in jinkiri ya kai awa 2, wajibi ne kamfani ya ba fasinja abin taɓawa. In ya haura awa 3, fasinja yana da ikon karɓar kuɗin tikitinsa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba kuwa, masauki da motar kai shi suna wuyan kamfanin. In an soke tafiya ba tare da sanarwar awa 24 ba, akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti.

Sai dai ba a biyan diyya idan yanayi ne sanadi, kamar hazon hunturu na Disamba zuwa Fabrairu. A wannan lokaci ya fi dacewa matafiyi ya tashi kwana ɗaya kafin ranar alkawari, ya adana tikiti da rasit. In kamfani ya ƙi biya, sai ya kai ƙara ga jami'an NCAA da ke filin jirgin.