Darasin Kanikanci: Zaɓen Kamshaf Don Mota Mai Zugazugi

Darasinmu na wannan wata a kan wani ƙarfe ne da ke cikin injin mota. Makanikai suna kiransa kamshaf. Darasin ya shafi mai akori-kura, da direba, da yaron mota, har da ƙungiyar manoma da ta haɗa kuɗi ta sayi motar kai amfanin gona kasuwa. Ƙarfen yana da tsada. In aka sa wanda bai dace ba, kuɗi sun tafi, mota kuma ta rasa ƙarfin jan kaya.

Da farko mu san cewa inji yana numfashi. Yana shaƙar iska da mai, ya matse su, wuta ta kama, sannan ya fitar da hayaƙi ta salansa. Aiki huɗu ke nan. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera inji mai wannan tsari a shekarar 1876.

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu, ana kiransu bawul. Ɗaya ta shigar iska ce, ɗaya ta fitar hayaƙi. To, wa ke buɗe su? Kamshaf ne. Shi sanda ne na ƙarfe mai tozo-tozo a jikinsa, kamar tozon sa. Idan yana juyawa, tozon sai ya tura bawul ya buɗe. Idan tozon ya wuce, sifirin ya mayar da bawul ya rufe. Inji yana juyi biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya. Tsayin tozo shi ke nuna yadda ƙofa za ta buɗe sosai. Faɗinsa kuma shi ke nuna daɗewar da za ta yi a buɗe.

Yanzu sai zugazugi. Kowa ya san maƙeri: in yana son wuta ta yi ƙarfi, sai ya sa yaro ya yi zuga. Haka ake yi wa inji. Akwai na'urar da ake ɗora masa mai suna sufacaja. Bel ne ke juya ta daga jikin injin, ita kuma tana ɗura masa iska da ƙarfi. Iska ta yawaita, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. A Amurka ana son irin waɗannan motoci. A shekarar 1999 kamfanin Ford ya fitar da wata akori-kura mai suna Lightning da sufacaja a kanta, mai ƙarfin doki 360. Mutane da yawa a can sukan sayi na'urar su ɗora wa motarsu, sannan su nemi kamshaf da zai dace da ita.

Nan ne ake yin kuskure. Mutum sai ya ce a ba shi kamshaf na tsere, mai manyan tozo, wai babba ya fi ƙarfi. A karanta wannan wuri a hankali, don shi ne zuciyar darasin.

Akwai ɗan lokaci kaɗan da ƙofofin nan biyu suke buɗe tare. Ta hayaƙi ba ta gama rufewa ba, ta iska ta fara buɗewa. A inji marar zugazugi wannan yana da amfani idan ana gudu sosai. Hayaƙin da ke fita yakan jawo sabuwar iska a bayansa. Shi ya sa kamshaf na tsere yake barin ƙofofin a buɗe tare na lokaci mai tsawo.

Amma inji mai sufacaja ba ya bukatar a jawo masa iska, tura masa ake yi. Ka ɗauki zaure mai ƙofa biyu suna kallon juna. In duka suna buɗe, iska ta shigo ta nan, sai ta fice ta can. Haka iskar da sufacaja ta turo za ta wuce tare da fetur ta fita ta salansa ba ta ƙone ba. Ka biya kuɗin mai, ka zubar da shi a kan hanya.

Saboda haka kamshaf da ya dace da irin wannan inji shi ne wanda tozon shiga da tozon fita suka ɗan yi nisa da juna. Ana auna tazarar da digiri, kuma akan rubuta ta a takardar da ke zuwa da ƙarfen. Na tsere yakan kama daga 106 zuwa 110. Na inji mai sufacaja yakan kama daga 112 zuwa 116. Abu na biyu, a bar ƙofar hayaƙi ta ɗan ƙara daɗewa a buɗe. Wanda ya ci da yawa, ai dole a ba shi hanyar fitarwa.

Sai kuma maganar nauyi. Motar kaya ba motar tsere ba ce. Ƙarfinta ana bukatarsa ne lokacin tashi, da hawan tudu, da fita daga yashi ko taɓo da buhuna a baya. Kamshaf mai faɗin tozo yana kai ƙarfin inji can sama, sai an taka mai sosai. A ƙasa kuwa mota sai ta yi sanyi, tana kakkarwa in an tsaya. Wasu samari suna son wannan ƙara, amma ƙara ba ta jan buhu ko ɗaya. Matsakaicin kamshaf ya fi.

A ƙasarmu sufacaja ba ta da yawa. Ƙanwarta turbo ita muka fi gani, musamman a motocin dizal. Ita hayaƙin salansa ne ke juya ta, ba bel ba, amma aikinsu ɗaya: ɗura iska. Sau da yawa inji mai turbo da marar turbo suna kama da juna a ido, alhali kamshaf ɗinsu ya bambanta. Don haka in za ka kasuwar kayan mota, ka kwafi lambar injinka a takarda, ka tafi da tsohon ƙarfen. Ka karanta lambar da kanka, ka gwada da ta sabon. In na hannu ne, ka shafa kowane tozo da yatsa. Wanda ya cinye ko ya yi rami, ka bar shi.

Wajen ɗaurawa, ka roƙi bakanike ya duba abu uku. Sifirin ɗin bawul su dace da tsayin tozo. Alamun taimin su zauna daidai. Sannan ya juya injin da hannu kafin a tayar, don a tabbata bawul ba ya taɓa fistan. In injin tsohon yayi ne mai tafet marasa taya, a sa sababbin tafet da sabon baƙin mai. Tashin farko kada a bar shi yana aiki a hankali. A ɗan taka masa mai, a riƙe shi haka kamar minti 20, don tozo da tafet su saba da juna.