Bayan An Cire Maka Haƙori: Yaushe Ake Kurkure Baki, Kuma Da Me?

Darasinmu na wannan fitowa a kan baki yake, musamman kwanakin da ke biyo bayan cire haƙori. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka da zarar likita ya zare haƙorin da ke hana mu barci, shi ke nan an rabu da Bukar. To wani lokacin sai a haifi Habu, domin akwai ciwon da ke tasowa bayan kwana biyu ko uku, wanda kan fi na farkon azaba, kuma sau da yawa garin tsaftace baki ake jawo shi.

Ni ɗan Rawayya ne ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. Mu mutanen wannan yanki, har da na Tsafe, in ciwon haƙori ya kai ga cirewa Gusau muka fi nufa, asibitin FMC ko na Yariman Bakura. Ana gamawa hankalin mutum na kan tasha, ya samu mota tun rana ba ta yi sanyi ba. Ga leɓe a sandare da allurar kashe zafi, bayanin likita rabi ya shiga rabi ya zube. In kuwa matsala ta taso da tsakar dare, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba mai son fita. Haka ma wanda aka cire wa ana saura mako guda jarrabawa, ba shi da kwanakin da zai ɓatar yana riƙe da kunci. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu fahimci abin tun daga tushe.

Gudan jinin da ke cikin gurbi

Saiwar haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi take. In an cire shi, rami ne ake bari wanda ya kai har ƙashi. Nan take jini zai cika ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne bandejin da jiki ya yi wa kansa: yana tsayar da zubar jini, yana rufe ƙashi da jijiyoyi daga iska da abinci, kuma a cikinsa sabuwar tsoka ke fara tofowa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu dasashi zai fara haɗe bakin ramin, shi kuwa ƙashi yakan ɗauki watanni kafin ya cike.

Idan gudan ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi zai zauna a buɗe. Likitoci na kiran wannan busasshen gurbi. Yakan bayyana tsakanin kwana na biyu da na huɗu, da ciwo mai zugi da ke harbawa har kunne, ga wari da ɗanɗano marar daɗi a baki, in ka haska wurin sai ka ga rami wayam. A cirewa ta yau da kullum yakan sami kamar mutum 1 zuwa 5 cikin 100. Amma a turamen can ƙurya na ƙasa, waɗanda ke fitowa daga shekara 17 zuwa 25, wato daidai shekarunmu, in sai da aka yi tiyata kafin su fita, adadin kan kai 30 cikin 100.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan wannan gudan jinin ya rataya. Maganin kurkure baki yana da amfani ne idan bai taɓa shi ba.

Awa 24 na farko: a bar baki ya huta

Ranar da aka cire, ba a kurkure baki da komai, ko da ruwan randa ne. Gudan bai gama kama bangon ramin ba, guguzar ruwa kaɗan ta isa ta yi waje da shi. Na san jini a baki akwai ƙyanƙyami, kuma mutum zai so ya yi ta tofarwa. A yi haƙuri. Yawu mai ɗan ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne, a haɗiye shi ko a share da hankici. In jini ne sosai yake zuba, a naɗe ƙyallen asibiti ko hankici mai tsabta, a ɗan jiƙa shi, a ɗora a kan gurbin a cije na minti 20 zuwa 30 a zaune, ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba.

Tambayar da za ta fara zuwa ran kowa ita ce alwala. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a makarantar zaure ya san farillan alwala bakwai ne a mazhabar Malikiyya, kuma kurkure baki ba ya cikinsu, yana cikin sunnoni. Wanda ya bar shi na yini guda saboda rauni, alwalarsa ta yi. Mai neman ƙarin natsuwa ya tuntuɓi limamin masallacin makaranta.

Tsotsa ma tana zare gudan kamar yadda kurkura ke yi. Mun saba huda ledar fiya wata da haƙori mu zuƙa; a ranar a juye shi a kofi. Lemon kwalba ban da tsinken zuƙa. Sigari da shisha kuwa laifinsu biyu ne, ga zuƙa ga hayaƙin da ke rage jinin da ke isa ga rauni, shi ya sa masu shansu suka fi kamuwa da busasshen gurbi. Wanda bai iya bari gaba ɗaya ba, ya daure aƙalla kwana uku, in da hali mako. Shayi mai tururi shi ma a jira ya huce. Abinci a nemi mai laushi, kamar kunu ko koko da ya sha iska, fura da nono, tuwo da miyar kuka, a tauna ta ɗaya gefen. Rake, kilishi, aya da ƙuli-ƙuli sai an warke.

Daga kwana na biyu: ruwan gishiri

Bayan awa 24 aiki ya juya. Yanzu guntayen abinci na taruwa a bakin ramin, buroshi kuma ba ya iya zuwa wurin. Mafi sauƙin abin kurkura shi ne rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A guntsa, a karkata kai ruwan ya kwanta a kan wurin na ɗan lokaci, sannan a sunkuya a buɗe baki ya zube da kansa. Ba guguza, ba furzarwa. A yi haka sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci, har mako guda. Ga mafi yawan waɗanda aka cire wa haƙori cikin sauƙi, wannan kaɗai ya wadatar, kuma ba ya cin ko sisi daga kuɗin abincin wata.

Maganin kwalba

Wani lokaci likita kan rubuta maganin kurkura mai kashe ƙwayoyin cuta, galibi in an yi tiyata, ko an yi ɗinki, ko dasashin mutum dama yana da ciwo. Wanda aka fi rubutawa shi ne kiloheksidin. A jikin kwalba za ka ga an rubuta Chlorhexidine, sananne a kemis kuma shi ne Corsodyl. Kamfanin ICI na Ingila ne ya samar da sinadarin, ya shiga kasuwa a 1954 a matsayin maganin tsabtace fata da rauni. A 1970 Harald Löe da abokin aikinsa, a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, suka gwada shi a kan ɗalibai irinmu. Aka sa su ajiye buroshi, suna kurkure baki da mililita 10 na mai ƙarfin kashi 0.2 cikin 100 sau biyu a rana, sai aka ga dattin da ke mannewa a haƙori bai taru ba, dasashi kuma bai kumbura ba. Daga nan likitocin haƙori suka rungume shi. Masu tace binciken likitanci na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2012, suka sake dubawa a 2022, suka ga kurkura da shi na rage yawan busasshen gurbi, galibi a waɗanda aka cire wa turamen ƙurya.

'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje za su ji daɗin yadda yake aiki. Sinadarin na ɗauke da caji mai alamar tarawa, bangon ƙwayar bakteriya kuwa na ɗauke da mai alamar ɗebewa, don haka sai ya manne mata ya huda bangon. Haka yake mannewa a haƙori da dasashi da harshe, ya riƙa sakin kansa a hankali har kusan awa 12. Dalilin da ya sa sau biyu a rana ya isa ke nan. Mai yi sau biyar bai ƙara komai ba sai ɓata haƙoransa da ƙarar da kwalba.

Ga yadda ake amfani da shi, sai fa in likitanka ya ce maka wani abu dabam:

1. A fara bayan awa 24, safe da dare.
2. In mai kashi 0.2 ne, mililita 10, wato cokalin shayi biyu, na minti ɗaya. In mai kashi 0.12 ne, mililita 15 na daƙiƙa 30.
3. A riƙe shi a baki a hankali kamar ruwan gishirin nan, a zubar. Ba a haɗiyewa.
4. Kada a bi shi da ruwa, kuma a jira rabin awa kafin ci ko sha.
5. A bar tazarar rabin awa tsakaninsa da makilin. Sinadarin da ke sa yawancin makilin kumfa cajinsa kishiyar na maganin ne, in sun haɗu sai ya kashe masa ƙarfi.
6. A tsaya a kwanakin da aka rubuta, yawanci mako ɗaya zuwa biyu.

Mai azumi zai iya yin na safe bayan sahur kafin alfijir, na dare kuma lokacin kwanciya. Sauran haƙoran a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa gurbin a kwanakin farko.

Maganin yana da nasa halin. Yakan sa haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa, abin kuma ya fi tsanani ga masu yawan shayi, kofi da goro. Na harshe yakan tafi in an daina, na haƙori wani sai an kankare a asibiti. Ɗanɗanon abinci ma kan canza na ɗan lokaci. Wanda ya ga leɓensa ko fuskarsa na kumbura, ko ƙuraje sun feso, ko numfashi na yi masa wuya bayan ya yi amfani da shi, ya daina nan take ya nufi asibiti, jikinsa ne bai karɓe shi ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ba su sai da izinin likita. Wajen saye kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Garin neman gira

Ba duk abin da aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta ne ake kai wa baki ba. Maganin cibiyar jarirai da ake ba masu jego, wanda maƙwabciyarmu Sakkwato ta fara rabawa a 2013, shi ma kiloheksidin ne, amma kashi 4 cikin 100, ninki 20 ke nan na wanda ake kurkura da shi. Na cibiya ne kawai. Savlon na da sinadarin a ciki amma an haɗa shi da wani don fata. Dettol da Izal kuwa ko kusa. Listerine na asali yana da sinadarin alkohol mai yawa, zai yi wa sabon rauni raɗaɗi, a ajiye shi sai wurin ya haɗe.

Akwai kuma dabarun ɗakin kwana: wani zai ce a cusa garin taba, wani kanwa, wani ma ruwan batir. Ruwan batir asid ne, ƙone tsoka yake yi. Daka asfirin a ɗora a dasashi shi ma ƙuna ce, shansa kuma na hana jini daskarewa. Ku sani garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. In ana neman maganin zafi, a sha farasitamol ko abin da likita ya rubuta, a kan ƙa'ida.

Yaushe za a koma asibiti?

Ciwon cire haƙori raguwa yake yi kullum. In ya ragu sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na uku, busasshen gurbi ne ake zargi, kuma babu yawan kurkurar da za ta dawo da gudan da ya riga ya fita. Likita zai wanke ramin ya sa masa magani, wanda sau da yawa akwai man kanumfari a cikinsa, zugin kuma kan lafa cikin ɗan lokaci. A koma da gaggawa idan jini ya ƙi tsayawa bayan an cije ƙyalle sau biyu, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa zuwa wuya ba a kwana da shi, don yana iya toshe numfashi.

Mu da muke zuwa daga nesa, shawarata ita ce a nemi a yi cirewar da safe, a ɗan zauna a Gusau har a tabbata jini ya tsaya kafin a hau mota. A faɗa wa likita tun farko in ana da sikila, ciwon sukari, hawan jini, juna biyu, ko ana shan wani magani, har da ƙwayar tazarar haihuwa, domin ita ma tana ƙara yiwuwar busasshen gurbi. Kafin a fito a roƙe shi ya rubuta ranar da za a fara kurkura da ranar da za a daina a bayan kati, a kuma tambayi lambar da za a kira in wani abu ya taso.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.